Rahab ta yi ƙarya, Gibeyonawa sun yi wayo: wai Littafi Mai Tsarki na tufka da warwara ne?

Abu biyu ne suka same ni cikin sati ɗaya, su suka sa na zauna rubuta wannan.

Na farko, wani ɗan'uwa da muke majami'a ɗaya ya karɓi kuɗi tun da damina a hannun wani ɗan kasuwa Musulmi da suka fi shekara 10 suna hulɗa, a kan in kaka ta yi zai ba shi masara buhu 20 a farashin da suka tsayar, suka tafa, har da sunan Allah a ciki. Kaka ta zo masara ta yi tsada, sai ɗan'uwan nan ya ce shi fa ba zai bayar ba, kuɗin mutum kawai zai mayar masa. Da na tambaye shi dalili sai ya buɗe min Maimaitawar Shari'a sura 7 wai Allah ya hana a ƙulla alkawari da waɗanda ba masu bi ba, saboda haka tun farko cinikin bai ƙullu ba, kuma wai ai shi ma Alhajin ya san farashi zai tashi ya yi shiru.

Na biyu, a zumuntar matasa wani yaro mai kaifin kai ya ɗaga hannu ya ce, Baba ni akwai abin da ya dame ni, an ce Allah na ƙyamar leɓuna masu ƙarya, amma Rahab ta yi ƙarya aka sa ta cikin kakannin Almasihu, Gibeyonawa sun yaudari Joshuwa suka tsira da ransu, ungozomomin Masar sun yi wa Fir'auna ƙarya Allah ya sa musu albarka, to wanne za mu ɗauka? Wasu suka fara yi masa tsawa wai yana tuhumar Maganar Allah. Ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan, yaron ya karanta ne shi ya sa ya gani, kuma gara ya tambaya a coci da ya je ya ji amsar a bakin wanda zai raba shi da bangaskiyarsa.

Matsayina shi ne, babu inda aka ba da lada saboda ƙarya a labaran nan, kuma babu inda aka halatta maka cin amanar mutum don addininku ba ɗaya ba. Labarin Gibeyonawa ɗin ma da ake kawowa a matsayin tufka da warwara, shi ne hujja mafi ƙarfi a kan ɗan'uwana mai masara.

Me Maimaitawar Shari'a 7 ta hana?

A karanta surar daga aya ta 1. An ambaci al'ummai 7 da sunansu, Hittiyawa, Girgashiyawa, Amoriyawa, Kan'aniyawa, Ferizziyawa, Hiwiyawa da Yebusiyawa, mutanen da ke zaune a ƙasar da Isra'ila za ta shiga a wancan lokacin. Aya ta 4 ta faɗi dalilin hanin ƙarara, za su juyar da 'ya'yanku su bauta wa gumaka. Wato abin da ake tsoro shi ne bagadin Ba'al ya shigo gida ta hanyar aure da ƙawance. Sura ta 20 ta littafin dai ta ce biranen da ke nesa a fara yi musu tayin salama. Ashe ba kowane bare aka hana ƙulla zaman lafiya da shi ba tun a cikin Shari'ar kanta.

Sannan a duba rayuwar mutanen da muke kira iyayen bangaskiya. Ibrahim yana da abokan ƙawance Amoriyawa, Mamre da Eshkol da Aner, da su aka je ceto Lutu. Ya yi rantsuwa da Abimelek a kan rijiya, daga nan Biyer-sheba ta samo sunanta, Ishaku ma ya maimaita irin wannan. Sulemanu ya ƙulla yarjejeniya da Hiram sarkin Taya, itacen al'ul ɗin da aka gina Haikali da shi mutanen Hiram ne suka saro daga Lebanon. Haikalin Ubangiji fa, da gatarin baƙi.

Eh akwai ƙawancen da aka tsawata a kai. Sarki Asa ya kwashe azurfa da zinariya daga taskar Haikali ya aika wa Ben-hadad na Suriya don ya taimake shi yaƙi, annabi Hanani ya zo ya faɗa masa ya dogara ga sarkin Suriya bai dogara ga Ubangiji ba. Ishaya ya yi kaito ga masu gangarawa Masar neman dawakai da karusai. Amma ku lura Yehoshafat sarkin Yahuza ma an tsawata masa, kuma wanda ya haɗa kai da shi Ahab ne, Ba'isra'ile ɗan'uwansa. Kenan abin dubawa shi ne me ƙawancen ke yi wa amincinka ga Allah, ba ƙabila ko sunan abokin ba.

Waɗanda ke kawo maganar 2 Korintiyawa 6:14 ta kada a haɗa karkiya da marasa bi su ƙara da 1 Korintiyawa 5, inda Bulus ɗin da kansa ya ce bai nufi a daina cuɗanya da mutanen duniya ba, in haka ne sai dai a fita daga duniyar, da sura ta 10 inda ya ce in marar bi ya gayyace ka cin abinci kana so ka je, ka je. Sayar da masara ba sujada ba ce.

Gibeyonawa

Nan ne zan daɗe domin nan ne maganar take.

Gibeyonawa Hiwiyawa ne, suna cikin bakwai ɗin nan da aka lissafa, wannan ba zan ɓoye ba. Sun ji abin da ya sami Yariko da Ai, tsoro ya kama su, sai suka shirya dabara. Suka ɗauko tsofaffin buhuna, da salkunan ruwan inabi da suka yayyage aka ɗinke, takalma duk faci, riguna sun mutu, gurasa ta bushe ta yi fumfuna, suka zo sansanin Gilgal suka ce mu daga ƙasa mai nisa muke, dubi gurasar nan da zafinta muka ɗauko ta ranar da muka baro gida. Alhali garin nasu na nan kusa, daga baya Joshuwa a dare ɗaya ya taka daga Gilgal ya isa. Wurin ana kiransa el-Jib a yau, arewa maso yamma da Urushalima, kuma a tonon da wani masani Ba'amurke James Pritchard ya jagoranta daga 1956 zuwa 1962 an samu hannayen tuluna da sunan Gibeyon a rubuce, da wani ƙaton tafki da aka fafe cikin dutse.

Joshuwa 9:14 ta ɗora laifi a inda ya kamata, shugabannin sun ɗanɗana guzurin mutanen amma ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Suka rantse. Bayan kwana 3 gaskiya ta fito, jama'a suka yi gunaguni, kuma a ido suna da hujja, ga doka a rubuce ga kuma yaudara a fili. In da akwai alkawarin da ya cancanci a warware a duk Littafi Mai Tsarki to wannan ne. Amma shugabannin suka ce mun riga mun rantse musu da sunan Ubangiji, ba mu da ikon taɓa su.

Mai cewa ai sun ci ribar ƙarya, ya duba abin da suka samu. Joshuwa ya kira su ya tuhume su a gaban jama'a, me ya sa kuka ruɗe mu, ya la'anta su, ya mai da su masu saran itace da ɗiban ruwa tsara bayan tsara. Mutanen da birninsu ke da girma kamar na sarakuna, mazajensu jarumawa, suka koma masu hidima. Ransu rantsuwar Isra'ila ce ta tsare shi, bautar kuwa ita ƙaryarsu ta jawo musu.

Sura ta 10 ita ce ke ba ni mamaki kullum. Sarakuna 5 ƙarƙashin Adoni-zedek na Urushalima suka taso wa Gibeyon don ta yi sulhu da Isra'ila. In da Joshuwa mai neman hanyar zillewa ne ga dama ta samu, ya naɗe hannu wasu su gama masa aikin, shi bai karya rantsuwa ba. Bai yi haka ba, ya kwana yana tafiya da rundunarsa don ya ceci mutanen da suka yaudare shi, kuma a wannan yaƙin ne aka rubuta rana ta tsaya a kan Gibeyon. Duk yaran Sande sukul sun san rana ta tsaya, kaɗan ne suka san a wajen kare wa ta tsaya.

Tsara da tsara suka wuce, zamanin mahukunta gaba ɗaya ya shuɗe, sai ga Saul. 2 Sama'ila 21 ta ce ya nemi hallaka Gibeyonawa saboda kishinsa ga Isra'ila da Yahuza. Kishi fa aka ce, irin wanda mutum zai yi yana jin aikin Allah yake yi, wataƙila ma da Maimaitawar Shari'a 7 a bakinsa. A zamanin Dauda aka yi yunwa shekara 3 a jere, da ya nemi Ubangiji aka ce masa alhakin jinin Gibeyonawa ne a kan gidan Saul. Alhaki kwikwiyo ne. Ƙarshen surar da ciwo, an ba da mutum 7 daga zuriyar Saul aka kashe, Rizfa uwar biyu daga cikinsu ta shimfiɗa tsumma a kan dutse tana korar tsuntsaye da rana, namun jeji da dare, tun farkon girbin sha'ir har ruwa ya sauko. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai na ajiye littafin na ɗan yi shiru, kuma ba na yarda wani ya karanta shi da murmushi. Amma wanda ya fara jawo wannan baƙin cikin shi ne sarkin da ya ga alkawarin da aka yi wa bare ba komai ba ne.

Kuma ba sau ɗaya ba ne. Sarki Zedekiya ya rantse wa Nebukadnezzar na Babila, mai bautar gumaka wanda ya ci ƙasarsa da yaƙi, daga baya ya juya ya nemi taimakon Masar. A Ezekiyel 17 Allah ya kira wannan rantsuwar tasa, alkawarin nasa, ya ce zai ɗora wa Zedekiya alhakin karya ta. Zabura 15 da ta tambayi wa zai zauna a alfarwar Ubangiji, cikin amsar akwai wanda in ya rantse ko da zai cutu ba ya sakewa. Ba ta ce in wanda ya rantse wa ɗan cocinsu ne ba.

Su kuwa Gibeyonawa, a garinsu alfarwar Ubangiji ta zauna a zamanin Dauda, a can Sulemanu ya yi mafarkin da ya roƙi hikima, akwai Bagibeyone cikin jarumawan Dauda, kuma a Nehemiya 3:7 ga mutanen Gibeyon suna gyaran garun Urushalima. Abin da aka ji wa tsoro a Maimaitawar Shari'a, wato su ja Isra'ila zuwa gumaka, ba a taɓa rubuta sun yi ba.

To Rahab da ungozomomi fa?

Rahab ta yi ƙarya, kada mu yi kwana-kwana. Ta ɓoye 'yan leƙen asirin Isra'ila 2 a kan soro, manzannin sarkin Yariko suka zo ta ce sun fita da magariba gab da rufe ƙofar gari, ku bi su da sauri za ku cim musu. Amma a duba abin da Sabon Alkawari ya yaba. Ibraniyawa 11:31 ta ce bangaskiya, don ta karɓi mutanen da salama. Yakubu 2:25 ya ce ta sauki manzannin ta fitar da su ta wata hanya. Ita da bakinta ta ce Ubangiji shi ne Allah a sama da ƙasa, ta sa ranta a kan wannan maganar. Kuma ga wani abu, ita ma Bakan'aniya ce, 'yan leƙen asirin sun rantse mata, Joshuwa ya cika, babu ayar da ta zarge su. Matiyu 1:5 ta sa sunanta a matsayin uwar Bo'aza.

Ungozomomin kuwa, Shifra da Fu'a, an umarce su su kashe duk jariri namiji na Ibraniyawa a wurin haihuwa, suka ƙi, da aka tuhume su suka ce matan Ibraniyawa ƙarfi gare su kafin ungozoma ta iso sun haihu. Fitowa 1:21 ta ba da dalilin albarkar, don sun ji tsoron Allah.

Wani zai ce wannan ai raba gashi ne, da ba su yi ƙaryar ba da ba a tsira ba. Tambayar ta daɗe. Augustine, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya tsaya a kan cewa ƙarya ba ta halatta ko a wane hali, ya ce alherin matan aka saka wa, yaudarar kuwa yafe ta aka yi. Ina girmama wannan, amma ni na ɗan bambanta. A ganina mutumin da ya zo ƙofarka da adda yana tambayar ina maƙwabcinka ya ɓuya, ya riga ya zubar da haƙƙinsa na jin gaskiya daga bakinka. Mu da muka ga Kaduna a 2000 da Jos a 2001 ba labari ne a wurinmu ba, akwai Musulmin da suka ɓoye Kirista, akwai Kiristan da suka ɓoye Musulmi, aka buga ƙofa suka ce ba kowa. Ba zan iya buɗe baki in kira wannan zunubi ba. A watan Yunin 2018 a Nghar Yelwa ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya a waje ya ƙi miƙa su. Da ya karanta addininsa irin karatun da ɗan'uwana ya yi wa Maimaitawar Shari'a, da yau waɗannan mutanen ba sa nan. Su ma maƙwabtanmu suna da tasu muhawarar kan hulɗa da waɗanda ba Musulmi ba, tsakanin Suratul Ma'ida aya ta 51 da Suratul Mumtahana aya ta 8 na Alƙur'ani, wannan malamansu ne za su yi bayani, ni dai na ga yadda dattijon nan ya warware ta a aikace.

Sai dai ko ka bi Augustine ko ka bi ni, abu ɗaya ba ya canzawa. Rahab da ungozomomin sun sa wuyansu ne don wani ya rayu. Mai ƙarya a awo, mai ƙarya a takardar fili, mai cewa kuɗin bai shigo ba alhali alat ya shigo tun jiya, wuyan wani yake sawa don aljihunsa ya cika. Irin wannan tana da nata labaran, Gehazi da ya bi Na'aman da ƙarya ya karɓo azurfa da riguna ya koma da kuturta, Hananiya da Safiratu da suka rage kuɗin fili suka ce shi ke nan.

Yakubu

Wannan shi ake fi kawowa, wai Yakubu ɗan Ishaku ya sace albarkar wansa Isuwa kuma ta zauna. Albarkar ta zauna, domin tun yaran na ciki aka faɗa wa Rifkatu babban zai bauta wa ƙaramin, ba dabararsu ce ta ƙirƙiro ta ba. Abin da dabarar ta ƙirƙiro shi ne gudun hijira, shekara 20 a gidan Laban, wanda ya kai masa Lai'atu da dare a maimakon Rahila, ya kuma sauya masa lada sau 10. Uwar da ta shirya abin, Littafi bai sake nuna mana sun haɗu ba. Da fatar 'yan awaki ya ruɗi mahaifinsa makaho, da jinin bunsuru 'ya'yansa suka ruɗe shi a kan rigar Yusufu, ya yi shekaru yana makokin ɗan da ke raye. A gaban Fir'auna yana da shekara 130 ya ce kwanakinsa kaɗan ne kuma cike da wahala. Littafin Farawa bai tsaya ya yi wa'azi a kan ƙaryarsa ba, ya bar ka ka bi shi ka ga abin da ya girba, kuma a nan ne masu karatun aya ɗaya-ɗaya ke ɓata, suna zaton duk abin da aka ba da labarinsa an amince da shi ne.

In an cuce ni fa?

Wannan ƙorafin yana da nauyi kuma ban raina shi ba. Ba ina cewa duk wanda aka damfara ya rungume hannu ba ne. Joshuwa bai yi shiru ba, ya kira mutanen ya faɗa musu laifinsu ido da ido, ya gindaya sharuɗa. In kana ganin an ɓoye maka wani abu a ciniki, akwai shaidu, akwai sarkin kasuwa, akwai dattawa, akwai kotu, ka je a zauna. Abin da ba ka da shi shi ne ikon yanke hukunci kai kaɗai a ɗakinka, ka nemo aya ka lulluɓe kwaɗayi da ita. Kuma a gaskiya a maganar masarar nan ba wanda ya yaudari kowa, da farashi ya faɗi ne da ɗan'uwana shi zai fara cewa alkawari kaya ne, kuma kuɗin Alhajin ne ya saya masa takin da masarar ta yi kyau da shi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne sunan da aka sa a ciki. Mutumin nan bai karɓi takarda ba, bai nemi jingina ba, ya yarda ne don an ambaci Allah kuma don ya san wannan mai zuwa coci ne. Gobe in wani Kirista ya je neman irin wannan taimakon a kasuwar, abin da zai tarar ɗan'uwana ne ya shuka masa.

Yaron zumunta na ba shi aikin gida, ya karanta Joshuwa 9 da 10 da 2 Sama'ila 21 a zama ɗaya, sati mai zuwa shi zai ja binciken. Ɗan'uwana kuma na sake komawa gidansa jiya da yamma, muka karanta Ezekiyel 17 tare, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce buhu 20 ɗin gaba ɗaya zai yi masa nauyi don ya riga ya sayar da wasu ya biya kuɗin makarantar yara. Na ce to wannan ita ce maganar da ya kamata Alhaji ya ji daga bakinka tun farko. Mun shirya ranar Asabar zan raka shi rumfar, zai kai buhu 12 da ke hannunsa, sauran 8 ya roƙi a ɗaga masa ƙafa zuwa lokacin da zai sayar da waken soyarsa.